Yadda na haɗa kuɗin gidan haya na farko a Agege

Albasa da tattasai nake saukewa a kasuwar Mile 12, kuma kamar yawancin 'yan uwana na rumfa, duk abin da na tara yana zaune ne ko dai a cikin kaya ko a asusun banki. Bayan an cire tallafin mai a watan Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni, sai na ga kuɗin da nake ajiyewa kullum ƙarfinsu raguwa yake yi. A ƙarshen shekarar ina da naira miliyan 15 waɗanda ba na cikin jari, na yanke shawarar in sa su a gidan haya. Kowa ya ce na yi dabara. Amma da na tambayi yadda ake cike gurbin da ke tsakanin miliyan 15 da kuɗin gida a Legas, sai amsoshin suka zama “ka je banki” da “Allah zai hore”. Abin da na tarar a tsakanin ne nake son in rubuta, don wanda zai biyo baya ya san ƙofar da zai fara ƙwanƙwasawa.

Agege na zaɓa saboda can nake zaune, can Hausawa suka kafu tun zamanin fataucin goro, kuma ɗan haya ba ya wuyar samu. An buɗe gadar Pen Cinema a 2021, ga tashar jirgin ƙasan nan na Red Line da ke tashi daga Agbado zuwa Oyingbo. Wani dillali ya nuna mini tsohon gida irin wanda ɗakuna ke fuskantar juna, ana neman miliyan 36. Da wannan farashin a baki na shiga wani bankin bayar da bashin gidaje a Ikeja. Ma'aikaciyar ta karɓe ni da mutunci, ta kuma yi mini bayani ba ɓoye-ɓoye. Sai na fara ajiye kashi 30 cikin ɗari daga aljihuna, wato miliyan 10.8, su kuma su ba da sauran miliyan 25.2 a kan ruwa kashi 28 cikin ɗari a shekara. Ba laifinta ba ne, domin a 2024 Babban Bankin Najeriya ya yi ta ɗaga ma'aunin kuɗin ruwa daga 18.75 har ya kai 27.5 a watan Nuwamba. Na karɓi biro na yi lissafi a bayan takardar da ta ba ni. Ruwan kaɗai ya haura miliyan 7 a shekarar farko, ba a taɓa uwar kuɗi ba. Hayar gidan gaba ɗaya kuwa, idan kowa ya biya a kan lokaci, miliyan 2.4 ce. Ko da babu maganar haramcin kuɗin ruwa, wadda ita ce ta fara tsaya mini a rai tun kafin in shiga, wannan lissafin ya isa ya fitar da mutum. Gidan ba zai biya bashin kansa ba, albasa ce za ta riƙa ciyar da shi.

Kafin in fita na tambaye ta game da asusun gidaje na ƙasa, wato NHF, wanda nake jin ana cewa ruwansa kashi 6 ne kuma ana biya har shekara 30. Ta ce haka ne, Bankin Gidaje na Tarayya ke tafiyar da shi, ma'aikata na zuba kashi 2.5 na albashinsu, mai sana'ar kansa ma yana iya yin rajista, amma sai ya yi aƙalla wata 6 yana zubi kafin ya nema. Sannan an tanade shi ne don gidan da mutum zai zauna da iyalinsa. Haka ma damar da hukumar fansho ta buɗe a 2022, ta ɗaukar kashi 25 na asusun fansho a yi kafin alƙalamin gida, ta mai asusun fansho ce. Ga ɗan kasuwa mai neman gidan da zai zuba 'yan haya, waɗannan ƙofofi biyu ba nasa ba ne, kada ya ɓata ƙafarsa.

Daga nan sai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa. Yanzu suna da dama: Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ a 2019, Lotus a 2021. Na je ɗaya daga cikin irinsu, kuma a nan ne na fi daɗewa. Tsarin da aka bayyana mini shi ne mu sayi gidan tare, ni da banki, in riƙa biyan hayar kasonsu ina kuma sayen kason kaɗan-kaɗan har ya zama nawa. Zuciyata ta kwanta da tsarin. Sai dai kada kowa ya ɗauka rashin ruwa na nufin araha, domin da aka buga mini abin da zan riƙa biya duk wata, bai yi nisa da na wancan bankin ba. Duk da haka na ce a buɗe mini fayil, in ga ƙarshen abin. Aka nemi BVN da NIN, da bayanan shige da ficen asusuna na wata 12, da takardar rajistar kasuwanci ta CAC, da shaidar biyan haraji ta shekara 3, da rahoton mai ƙiyasin darajar gida, da kwafin takardun gidan. Bayanan asusu su ne suka fi kayar da irinmu, saboda cinikinmu na tsabar kuɗi ne, wani kuma yana shiga asusun yaron shago ko na mai POS. Abin da ya taimake ni shi ne ƙarancin takardun naira na farkon 2023, wanda ya tilasta wa kwastomomina turo kuɗi ta waya, ni kuma na ci gaba a haka. Ko da hakan, jami'in ya nuna mini watannin damina inda shigar kuɗi ta yi ƙasa sosai, ya ce su biyan wata-wata suke so, ba su san kaka da rani ba.

Na biya mai ƙiyasi naira dubu 150. Rahotonsa ya zo da farashi biyu: darajar gidan a kasuwa, da darajarsa in an sayar da shi cikin gaggawa, wadda ta yi ƙasa da ta farko nesa ba kusa ba. Bankin ya fi kallon ta biyun. Amma ba wannan ne ya kashe maganar ba. Da lauyoyinsu suka duba takardun gidan, sai suka tarar ba komai sai rasit na dangin da suka sayar da filin tun asali, da wata yarjejeniya da ba a taɓa yi wa rajista ba. Ba C of O, wato takardar izinin zama a fili da gwamnati ke bayarwa, ba sa hannun gwamna. Aka kira ni aka ce ba za su iya riƙe irin wannan takarda a matsayin jingina ba. Na fito raina a ɓace, don an ɗauki makonni ina kai da kawo, amma daga baya na gane sun yi mini aikin da ya kamata a fara da shi. Yawancin tsofaffin gidajen da ƙaramin mai kuɗi zai iya saye a Agege, Mushin ko Ketu haka takardunsu suke, kuma takardar gida ita ke yanke irin kuɗin da za ka iya samu a kansa.

Sai na ɗauki lauya nawa na kaina, ba na dillali ba, ba na mai gida ba. Barista ya zaunar da ni ya yi mini karatun da ba a yi a kasuwa. Tun dokar mallakar ƙasa ta 1978, ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana, abin da mutum ke riƙewa izinin zama ne, yawanci na shekara 99, kuma sayarwa ko jinginarwa ba ta cika sai da amincewar gwamna. Sannan ya ce a al'adar Yarbawa gidan gado na dangi ne gaba ɗaya, ba ya sayuwa sai shugaban dangi da manyan 'ya'yan kowane ɗaki sun yarda. Da ya bincika gidan farko, sai ga shi wanda ke tallarsa ɗa ne guda cikin magada, sauran 'yan uwansa na ɗaya ɗakin ba su ma san ana ciniki ba. Ya ce, “Alhaji, in ka biya wannan, shari'a ka saya.” Na bar gidan, dillalin ya yi fushi, bai kuma mayar mini da kuɗin ganin gida da ya karɓa ba.

Gida na biyu ta hannun wani dattijo mai sayar da goro na same shi, wanda ya san iyalin tun mahaifinsu na raye. Ɗaki 8 ne da shago 2 a gaba, a kan rabin fuloti. Marigayin ya yi wa takardar sayensa rajista tun kafin 1978, kuma magadan sun karɓi takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga sashen gado na Babbar Kotun Legas, da sunan mutum uku. Barista ya nemi binciken fayil a ofishin filaye da ke Alausa, don a tabbatar rajistar gaskiya ce kuma ba a jinginar da gidan ga kowa ba. Ya tura kotu aka tabbatar da takardar gadon. Ya kuma sa safiyo ya ɗauki ma'aunin filin ya kai ofishin Babban Safiyon Jiha, a ga ko yana cikin filin da gwamnati ta karɓe, ko kan hanyar ruwa, ko gefen layin dogo. Wannan na ƙarshen kada a raina shi a Agege da kewaye, inda layin dogo ya ratsa gari, kuma rusau a Legas ba ya tambayar nawa ka saya. Jiran sakamakon ya yi mini tsawo, magadan suna ta cewa akwai wani mai saye. Barista ya ce in bar su su faɗa, kada in ba da ko sisi sai takarda ta fito. Ta fito lafiya. Ni kuma na yi nawa binciken da ba ya buƙatar ofis: na koma unguwar ran da aka yi ruwa mai ƙarfi na ga inda ruwan ke bi, na zauna da mai shagon gaba na ji nawa kowa ke biya da wanda ba ya biya.

Sun fara da miliyan 40, muka tsaya a 34. Da wannan takardar banki zai iya saurarata, amma lissafin haya da na biyan wata bai canza ba, don haka ban koma ba. Na je wajen ubangidana, wanda a hannunsa na koyi sana'a tun ina ɗaukar buhu. Na ce, “Ranka ya daɗe, ba rance na zo nema ba, tarayya na zo da ita.” Ya saurara har na gama, ya ce, “Ɗana, na ji. Amma ni na tsufa, 'ya'yana ba su san ka kamar yadda na san ka ba. A rubuta.” Muka je wajen malaminmu na unguwa. Na ce, “Allah gafarta Malam, in Alhaji ubangidana ya ba ni miliyan 15 ina ba shi wani abu daga haya har in mayar masa da kuɗinsa fa?” Malam ya ce wannan bashi ne da ya jawo amfani, ba shi da bambanci da abin da na gudo daga gare shi. Hanyar da ta halatta ita ce Alhaji ya zama mai kaso a gidan da gaske, ya ci haya gwargwadon kasonsa, gyara da asara su ma a raba haka, in kuma zan sayi kasonsa to a kan darajar gidan ta wannan lokacin, ba a kan abin da ya zuba ba. Ya tuna mana ayar rubuta bashi ta cikin Baƙara, ya ce in an umarci a rubuta bashi, tarayyar da za ta iya kaiwa ga magada ta fi cancanta. Barista ya rubuta yarjejeniyar, babban ɗan Alhaji da ƙanena suka sa hannu a matsayin shaidu, kuma sunayenmu biyu ne suka shiga takardar sayen gidan.

Ko da kuɗin Alhaji ba mu kai ba, domin Barista ya riga ya gargaɗe ni cewa in ware kusan kashi ɗaya cikin huɗu na farashin don abubuwan da ke biyo baya. Sai muka nemi magadan su karɓi miliyan 24 a take, sauran 10 kuma kashi biyu cikin wata 9. Da farko sun ƙi. Abin da ya sauko da su shi ne babu wani mai tsabar kuɗi a hannu da ya kai tayinmu, kuma an rubuta cewa takardun asali za su zauna a hannun lauyansu har ranar biyan ƙarshe, hayar wannan tsakanin kuma tasu ce. Aka kuma rubuta abin da zai faru in na gaza: a ba ni ƙarin wata 2, in ban cika ba su mayar da kuɗinmu bayan sun cire wani kaso da aka ambata. Wannan sharaɗin ya hana ni barci, amma gara a san shi a rubuce da a bar shi a baki. Duk biyan ta banki aka yi, zuwa asusun da masu kula da gadon su uku suka sa hannu a kansa. Kashin farko na sauran miliyan 10 ɗin na cike shi da kuɗin filina na gida da na sayar miliyan 5. Na biyu kuma adashi ne ya fitar da ni. Muna da zubi na mako-mako a kasuwa, na roƙi uban adashi ya matso da ɗaukata gaba, na kwashi miliyan 4, na cika da ribar kaka. Wanda ya ɗauki adashi da wuri bashi ne ya ci ba tare da ruwa ba, kuma a duk Legas ban ga kuɗin da ya kai shi sauƙi ba. Jarin albasa kuwa ban taɓa shi ba, wannan na ɗaure wa kaina tun farko, domin shi ne ke biyan zubin.

Ranar biyan ƙarshe aka taru a ofishin lauyansu, masu kula da gadon da shugaban dangi suka sa hannu a takardar miƙa mallaka, aka ɗauki hoto da bidiyo, aka miƙo takardun asali. Dillalan da suka shiga tsakani sun nemi kashi 5, muka daidaita a miliyan 1.5. Barista ma miliyan 1.5 har da kuɗin bincike. Sabon safiyo da sunanmu ya ci kusan dubu 900.

Neman sa hannun gwamna ne ya mayar da ni Alausa. Ana cike fom ɗin da ake kira 1C, a haɗa da takardar miƙa mallaka, da taswirar safiyo, da kwafin takardar asali wanda ofis ya tabbatar, da hotuna, da shaidar haraji. Tun 2015, zamanin Gwamna Fashola, aka rage jimillar kuɗin daga kashi 13 zuwa kashi 3, kuma haka aka caje mu: 1.5 na amincewar, sai rabin kashi sau uku na harajin riba, da na hatimi, da na rajista. Abin lura shi ne ba a kan farashin da ka saya ake lissafawa ba, a kan darajar da gwamnati ta sa wa unguwar ne. Da ƙananan kuɗaɗen da ke biye, mun kashe wajen miliyan 1.4. Shaidar harajin Alhaji ce ta tsayar da fayil ɗin, domin bai taɓa buɗe fayil a ofishin harajin jiha ba, sai da aka ƙiyasta masa ya biya. Daga nan sai jira na watanni, fayil na tashi daga tebur zuwa tebur. Mutane da yawa a kasuwa sun ce in bar shi, ai ga makulli a hannuna. Ban yarda ba. Gidan da ba a yi wa wannan ba, ranar da ka so sayarwa ko jinginarwa, ko ranar da magadanka suka tsaya gaban alƙali, zai koma irin gidan farkon da banki ya ƙi.

'Yan hayan da na gada su ne darasin da ba wanda ya shirya ni a kansa sai Barista. Biyu daga ciki sun riga sun biya shekara gaba ga magadan, kuma da yake an rubuta a yarjejeniya, an cire mana kuɗin daga biyan ƙarshe. Dokar haya ta Legas ta 2011 ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya a unguwanni irin namu, kuma mai biyan shekara-shekara sai an ba shi sanarwar wata 6 kafin a nemi ya tashi, in ya ƙi sai kotu. Duk wanda ke lissafin zai karɓi hayar shekara biyu ya biya bashi, ko ya kori kowa cikin wata guda ya ninka kuɗi, to ya sake lissafi. Na zauna da su ɗaya bayan ɗaya, na gaya musu za a gyara rufi da banɗaki da sokawe, kuma haya za ta ƙaru in wa'adin kowa ya cika. Mutum ɗaya ne ya tashi. Sai bashin wuta da na harajin gida na shekara-shekara da suka taru, kusan dubu 400. Ranar da aka sauke yashi da kwano, samarin unguwa da ake kira omo onile suka zo neman nasu. Akwai dokar 2016 da ta haramta wannan karɓe-karɓen, amma ni ta hannun baale, wato mai unguwa a wajen Yarbawa, da dattijon nan mai goro na bi, aka kashe maganar cikin mutunci. Gyaran ya ci miliyan 3.3, a shekarar da buhun siminti ya haura dubu 10 a wasu wuraren.

Da aka tattara komai, gidan miliyan 34 ya tsaya mana a miliyan 43. Alhaji na da kashi 35, ina da 65. Haya yanzu miliyan 3 ce a shekara, ɗaki dubu 250, shago dubu 500, wato kusan kashi 7 cikin ɗari na abin da muka zuba, kafin a cire gyara da haraji da ɗakin da ya kwana ba kowa. Albasa ta fi haka riba a shekara mai kyau. Amfanin gidan shi ne yana riƙe darajar kuɗi, kuma ba ya ruɓewa a mota tsakanin Jebba da Ibadan. Saboda haka nake gaya wa duk wanda ya tambaye ni a rumfa ya fara raba hayar shekara da jimillar abin da zai kashe, ya ajiye amsar kusa da abin da mai ba da kuɗi ke nema. In na biyun ya fi, to daga sana'arsa zai riƙa cikawa, sai ya tambayi kansa ko sana'ar za ta iya ɗauka har a watannin da kasuwa ta mutu. Ya ga takardun gida kafin ya je neman kuɗi, ya biya lauya kafin ya biya kowa. In kuma yana da niyyar zuwa banki wata rana, tun yau ya tattara cinikinsa a asusu ɗaya, ya yi rajistar kasuwancinsa, ya riƙa biyan haraji yana karɓar shaida, domin waɗannan ba a haɗa su cikin mako guda.

Sa hannun gwamna ya fito, takardun asali suna ajiye a wurin da ni da babban ɗan Alhaji muka sani. Kuɗin haya na shiga wani asusu na daban, muna cire kashi 15 don gyara kafin a raba. Malam ya ce zakka ba a kan ginin take ba, a kan abin da ya taru na haya ne in ya kai nisabi ya shekara. Mun sa ranar da zan sayi kashi 5 na farko daga hannun Alhaji bayan kakar albasa mai zuwa, kuma mai ƙiyasin da zai faɗi farashin, mu biyu muka zaɓe shi tun yanzu aka rubuta sunansa a yarjejeniya.